Sakkwato: Wa Zai Kama Mana Dokin Da Ke Sukuwa?

Duk wanda aka taɓa miƙa wa kundin hotunan wani gida a birnin Sakkwato, ko a Wurno, ko Gwadabawa, ko Tambuwal, zai lura da abu guda: kowa a tsaye yake ƙyam, ko kuwa a zaune ya harɗe, ya kafa wa kyamara ido tamkar wanda alƙali ke karanta wa hukunci. Ango da abokansa a jere, ɗalibai a jere, alhazai a jere gaban labulen situdiyo. A ofisoshi ma hotunan da ke rataye ba su wuce na gaisawa da na miƙa kyauta ba. Wanda zai zo bayan shekara ɗari ya duba waɗannan hotuna, ko shakka babu zai ɗauka mu al'umma ce da ba ta taɓa motsawa ba.

Alhali kuwa mafi kyawun abin da ƙasar nan ta gada a fagen wasanni motsi ne tsagwaronsa. Dambe motsi ne, kokawa motsi ce, haka sukuwar dawaki da jahi a ranar hawan salla, haka langar da yara ke yi a dandali, haka sharon Fulani, haka kuma su a gulbi. Waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ta adana mana amon kalangu da kirarin maza, har yau idan aka sa ta tsigar jikin mutum na tashi. To amma kunne kaɗai ta ciyar. Hotunan tsofaffin 'yan dambe da aka fi gani na tsaye ne, gwani ya ɗaga dunƙule yana kallon mai hoto. Naushin da ya sa aka yi masa waƙa ya tafi tare da ƙurar filin. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, mu kuwa a wannan fanni ji ne ya kore mana gani.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da masu sha'awar ɗaukar hoto a birnin Shehu za su haɗu a ƙarƙashin ƙungiya guda, su koya wa juna dabarun kama abin da ke motsi da kuma abin da ruwa ke nunawa, domin waɗannan fannoni biyu su ne ma'aunin da ke raba mai riƙe da kyamara da mai ɗaukar hoto. Kyamara dai yanzu tana aljihun kowa, tun da kowace babbar waya da ita take zuwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ilmin amfani da ita.

Bari mu fara da doki, tun da shi ne asalin wannan ilmi. A da, hatta manyan masu zane na Turai sukan zana doki mai sukuwa ya miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya, kamar yana shawagi. An daɗe ana gardama kan ko akwai lokacin da kofato huɗu ke barin ƙasa gaba ɗaya. A shekarar 1878 wani mai hoto ɗan Ingila mai suna Eadweard Muybridge ya raba gardamar a gonar dawakin Leland Stanford, tsohon gwamnan Kalifoniya ta Amurka. Ya jera kyamarori 12 a gefen hanya, ya shirya su yadda kowace za ta ɗauka da kanta yayin da doki ya gifta ta gabanta. Da aka wanke hotunan sai aka ga lallai doki yakan bar ƙasa, amma a lokacin da ya tattara ƙafafunsa huɗu a ƙarƙashin cikinsa, saɓanin yadda ake zanawa. Ɗan Adam ya shafe dubban shekaru a bayan doki, amma sai da kyamara ta tsayar masa da shi kafin ya san yadda yake gudu. Tambayar da nake yi ita ce, abubuwa nawa ne a dambe da kokawarmu da idonmu bai taɓa gani ba, duk da cewa a gabanmu ake yin su?

Sirrin al'amarin yana cikin abin da zan kira ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da take buɗe idonta haske ya shiga kafin ta rufe. Lissafin mai sauƙi ne. Dokin da ke gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Idan kyamara ta buɗe ido na kashi ɗaya cikin 60 na sakan, kafin ta rufe dokin ya matsa da kusan santimita 23, don haka hoton zai fito dishi-dishi kamar an shafe shi da hannu. Idan kuwa aka gajarta ƙiftawar zuwa kashi ɗaya cikin 1000 na sakan, dokin bai matsa da santimita ɗaya da rabi ba. A nan ne za ka ga tsakuwar da kofato ya watsa tana rataye a iska, ka ga wutsiyar rawani ta miƙe, ka ga kumfar bakin doki da zaren linzami.

Sai dai kowane gyara da nasa farashi. Daga kashi ɗaya cikin 60 zuwa kashi ɗaya cikin 1000, hasken da ke shiga ya ragu ninki 16. Dole a cike wannan giɓi ta hanyar faɗaɗa ƙofar hasken gilashin kyamara, ko ƙara mata ƙarfin jin haske, wanda ake rubuta shi da haruffan ISO. Idan aka faɗaɗa ƙofa, abin da ke gaba ko bayan wanda aka saita yakan dushe. Idan aka ƙara ƙarfin jin haske fiye da kima, hoto yakan fito da tsaki-tsaki. Mu a Sakkwato Allah Ya hore mana rana, don haka hawan salla da ake yi da hantsi ba shi da matsala. Inda gizo ke saƙa shi ne fagen dambe, domin galibi sai bayan la'asar ake buɗe fili, manyan wasanni kuma su ne ake ajiyewa sai ƙarshe, lokacin da rana ta yi ja, ko ma an koma hasken ƙwan lantarki na janareto. Mai hoton da bai san wannan musaya ba zai ɗauki hotunan yara masu share fage tar-tar, idan manya suka shigo kuma ya tashi da duhu.

Akwai kuma dabara ta biyu wadda ta saɓa wa ta farko. Maimakon a daskarar da komai, sai a rage saurin ƙiftawa zuwa kashi ɗaya cikin 30 ko cikin 60, mai hoto ya kafa ƙafafunsa, ya bi dokin da kyamara yana juyawa daga ƙugu, ya danna ba tare da ya tsaya ba. Idan aka dace, mahayi da dokinsa za su fito sarai, taron jama'a da ke bayansu kuwa ya zama zane-zanen launi masu gudu. Irin wannan hoto shi ke sa mai kallo ya ji iskar sukuwa a fuskarsa. Ba a dacewa da shi a karon farko, sau da yawa ma ba a dacewa a na ashirin. Shi ya sa ake buƙatar abokan koyo, da wurin gwaji mai sauƙi, kamar bakin titin da 'yan kabu-kabu ke wucewa, ko filin wasa na Giginya a ranar da ake buga ƙwallo.

Amma duk wannan lissafi ba ya wadatarwa idan mutum bai san wasan ba. Hoton dambe mafi shahara a duniya shi ne wanda Neil Leifer ya ɗauka a ranar 25 ga Mayu, 1965, a garin Lewiston na Amurka, inda Muhammad Ali ke tsaye a kan Sonny Liston yana masa tsawa bayan ya kayar da shi a turmin farko. Leifer yana da shekara 22 a lokacin. Idan ka duba hoton da kyau, a tsakanin ƙafafun Ali za ka hango wani mai hoto da ya girme shi a sana'ar yana zaune a ɗaya gefen, wanda bayan Ali kawai ya samu. Kayan aikinsu duka masu kyau ne. Mazauni ne ya raba su.

A nan ne ɗan gida ya fi baƙo. Wanda ya tashi yana kallon dambe ya san hannun da aka ɗaure shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa. Ya san idan ɗan wasa ya sauke kafaɗa ya matsa ƙafar gaba, naushi na tafe. Ya san canjin kiɗan da ke nuna makaɗi ya zuga gwaninsa. Ya san cewa da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, kuma hoton da ya fi daraja wani lokaci ba na wanda ya faɗi ba ne, na fuskar uban gidansa ne a bakin fili. Mai hoto yakan danna ne kafin abin ya faru, domin wanda ya jira ya ga naushi ya sauka, ya riga ya makara. Wannan sani ba a sayar da shi a kantin kyamara a Legas ko Dubai. Yana nan cikin kawunan samarinmu, ba su dai haɗa shi da ilmin haske ba.

Fanni na biyu, wato kama surar da ke bayyana a ruwa ko madubi, ya fi buƙatar haƙuri a kan zafin nama. Kuma a nan muna da magabaci da ya kamata mu yi alfahari da shi. Alhasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne marubucin Kitabul Manazir, inda ya tabbatar da gwaji cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Ya yi bayanin ɗaki mai duhu wanda haske ke shiga ta 'yar ƙaramar kafa ya zana surar waje a bango, wanda shi ne kakan kowace kyamara, ya kuma yi dogon nazari kan yadda haske ke dawowa daga madubi. Ƙa'idar ita ce, da karkatar da haske ya sauka a kan ruwa, da irinta yake tashi.

Amfanin wannan ƙa'ida ga mai hoto a bayyane yake. Idan ka tsaya a kan gada ka leƙa ruwa kai tsaye, kashi 2 cikin 100 kacal na hasken ne yake dawowa gare ka, shi ya sa laka da ciyawar ƙasa kake gani. Idan kuwa ka sauka bakin gaɓa ka durƙusa har kyamara ta kusa taɓa ruwa, abin da ke dawowa yakan haura kashi 30, yana ƙaruwa gwargwadon yadda ka ƙara sunkuyawa, har ruwan ya zama madubi. Wannan ne dalilin da ya sa gwanin hoto ba ya jin kunyar ɓata gwiwar wandonsa. Haka nan, surar da ke cikin ruwa tana da nisan abin da ta kwaikwaya, don haka a kan bishiyar da ke cikin ruwan ake saita kyamara, ba a kan fuskar ruwan ba. Akwai kuma wani gilashi da ake ɗaura wa kyamara mai tace ƙyalli; idan aka murɗa shi ta wani gefe ya kashe surar ruwa a ga kifin da ke ƙasa, idan aka mayar da shi surar ta dawo.

Wani zai ce ina ruwa a Sakkwato, garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watannin bazara? Amsar ita ce birnin yana zaune ne kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Duk wanda ke bin hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya san Kwalkwalawa, inda masunta da masu kwalekwale da manoman fadama ke hada-hadarsu. Ga tafkin Kware, ga madatsar ruwa ta Goronyo. A watan Agusta kuwa, bayan kowane ruwan sama, kududdufan da muke tsallakewa muna mita suna ɗauke da hasumiyar masallaci da raƙuman da ke hanyar kasuwar Kara, a kife. Da sanyin safiya ake kama fara: bayan sallar asuba, kafin iska ta taso ta yamutsa fuskar ruwa, shi ne lokacin wannan aiki. A lokacin hunturu ma, hazon da ke disashe sama yakan tausasa haske, ya ba hoto wani launi da ba a samunsa a Turai, sai dai a kiyaye buɗe cikin kyamara a fili, domin ƙura babbar abokiyar gabarta ce.

Wani lokaci fannonin biyu sukan haɗu a hoto guda. A shekarar 1932 Henri Cartier-Bresson, mutumin Faransa, ya leƙa ta kafar shinge a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a birnin Paris, ya ɗauki wani mutum da ya yi tsalle zai ƙetare kwantaccen ruwa. Dunduniyarsa saura ƙiris ta taɓa ruwan, surarsa kuma tana ƙasa tana tarbarsa. Da an ƙara ƙiftawar ido ɗaya, da ruwan ya fantsama, madubin ya fashe. Har yau ana koyar da wannan hoto a makarantu, alhali ba sarki ba ne a cikinsa, ba kuma attajiri ba.

Mu kuwa muna da fagen da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Argungu, wadda take cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991, kimanin kilomita 100 ce daga nan. Bikin kamun kifinta ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta ƙarfafa zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi bayan daɗaɗɗiyar gaba, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ka ƙiyasta dubban masunta da homa da gora suna rugawa cikin Matan Fada a lokaci guda. Kafin su afka, ruwan madubi ne. Bayan sun afka, motsi ne zalla. A tsallaken iyaka kuma, Jamhuriyar Nijar tana gudanar da gasar kokawa ta takobi tun 1975, a cikin harshenmu da kiɗanmu.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da hoto saboda dalilin addini, kuma ba zan yi shisshigi a fagen malamai ba. Abin da ya tabbata shi ne sun yi saɓani a kan mas'alar. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar ya kuma rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta hoton kyamara, bisa hujjar cewa tsare inuwa ne, irin surar da mutum ke gani a madubi. Wasu malaman kuma sun tsananta, ba su yarda da shi ba sai don lalura. Kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Inda babu saɓani shi ne wajen ladabi: ba a ɗaukar mata masu wanki a bakin gulbi ba da izininsu ba, ba a tozarta ɗan wasan da tufarsa ta kwance, ba a mai da yaran mutane abin dariya. Ƙungiya ce kaɗai za ta iya shimfiɗa irin waɗannan dokoki ta kuma tsawata wa wanda ya karya su.

Wani kuma zai ce ai bidiyon dambe ya cika YouTube, miliyoyin mutane na kallo, me za a yi da hoto maras motsi? Bidiyo yana da amfaninsa, amma wucewa yake yi kamar yadda wasan ya wuce. Hoto shi ke tsayar da abu ya ba ido damar yin nazari, shi ake bugawa a littafi, shi ake ratayawa a bango. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan dubu, yau suna manyan gidajen tarihi na duniya. Malick Sidibe na Bamako ya bi samari da 'yan mata wuraren rawa da bakin kogin Neja a shekarun 1960 da 1970, a 2007 aka ba shi babbar lambar girmamawa a baje kolin fasaha na birnin Venice. Babu ɗayansu da ya je neman abin ɗauka a wata ƙasa. Abin da maƙwabtansu suka raina shi suka ɗauka.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Rashin tsaron da ya addabi gabashin jihar nan a 'yan shekarun nan, a yankunan Isa da Sabon Birni da Goronyo da Raɓa, ya raba dubban mutane da garuruwansu. Damben ƙauye da kokawar kaka wasanni ne na ƙoshi da kwanciyar hankali. Inda aka kasa girbi lafiya, wa zai ɗaura kalangu? Al'adar da ta shekara goma ba a yi ta ba, yaran da suka tashi a wannan tsakani ba su san ta ba. Abin da ba mu adana yau ba, wataƙila gobe ko an so adana shi ba za a same shi ba.

Kafa irin wannan ƙungiya ba ya buƙatar kwangila ko kason kasafin kuɗi. Ƙungiyar masu hoto ta Landan, wadda daga baya ta zama ta masarautar Ingila, ta faro ne a 1853 da taron masu sha'awa. Abin da nake ba da shawara shi ne mutum goma ko ashirin, likita da malamin makaranta da ɗan jarida da mai situdiyo na unguwa, su riƙa haɗuwa sau biyu a wata. A zaɓi aiki guda, misali wannan wata dawaki, wata mai zuwa gulbi. Kowa ya kawo hotuna uku kacal, a haska su a bango, a yi musu gyara ba sani ba sabo. Mai babbar kyamara ya ara wa maras ita, mai waya kuma a nuna masa inda ake saita saurin ƙiftawa a wayarsa, domin da yawa daga cikinsu suna da wannan dama masu su ba su sani ba. Tsofaffin masu hoto da suka yi zamanin fim da ɗakin wanki, waɗanda hoto 36 kawai ke cikin naɗinsu don haka ba su danna sai sun tabbata, a gayyato su su koyar da haƙuri.

Sharaɗi biyu nake ganin kada a yi wasa da su. Na farko, duk ɗan wasan da aka ɗauka a wanke hotonsa a kai masa, idan kuma an sayar a ba shi rabonsa, domin da jininsa da zufarsa aka samu hoton. Na biyu, kowane hoto a rubuta masa suna da wuri da kwanan wata, a ƙarshen shekara a zaɓi mafi kyau a miƙa kwafinsu ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Hoton da ke cikin waya kaɗai, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta, ya tafi ke nan.

Sakkwato gari ne da aka san shi da adana ilmi. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun rubuta abin da suka gani da abin da suka sani, shi ya sa bayan shekara ɗari biyu muke da abin karantawa. Kayan rubutun zamaninmu sun haɗa da haske. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mutum goma masu niyya sun isa su fara kafin hawan salla mai zuwa. Allah Ya ba mu zaman lafiyar da za a ci gaba da wasa, Ya kuma ba mu idon ganin abin da ke gabanmu.